Masu jinya a gida da suka kula da mahaifinmu a Agege: abin da suka iya da inda suka gaza

Tun ranar da aka yi addu'ar bakwai ta mahaifinmu, mutane da dama a unguwarmu ta Agege suke tare ni da tambaya game da matar nan mai farar riga da baƙar jaka wadda suka riƙa gani tana shiga gidanmu da hantsi, kuma mafi yawan masu tambayar suna da nasu majinyacin a kwance. Amsar ta fi ƙarfin a ba da ita a tsaye a ƙofar masallaci, shi ya sa na zauna na rubuta ta a tsanake. Matar ma'aikaciyar wani kamfani ce mai ofis a wajen Ikeja, ɗaya daga cikin kamfanonin da suke tura nas-nas da likita har gida domin kula da marasa lafiyar da asibiti ya sallama. Sun yi mana aiki na makonni 9. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma ba na so laifin ofis ya shafi ma'aikatan da suka yi mana hidima tsakani da Allah. Hukuncina a kansu shi ne aikinsu na rana ya fi kuɗin da muka biya daraja, aikinsu na dare kuwa bai kai abin da suka alkawarta ba, kuma duk wanda zai ɗauke su ya kamata ya san wannan bambanci tun kafin ya sa hannu a takarda.

Sai na fara da ciwon, domin wanda bai san nauyin kayan ba ba zai iya auna ƙoƙarin mai ɗauka ba. Baba ya shafe fiye da shekara 30 yana sana'ar albasa a kasuwar Mile 12, mutum ne mai ƙarfin jiki wanda ban taɓa ganin ya kwana a asibiti ba. Abin ya fara da idanunsa da suka koma ɗorawa, kowa ya ce shawara ce, aka shiga jiƙa masa rawaya kamar yadda muka gada. Sai ƙaiƙayi ya biyo baya, irin wanda yake hana barci, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi mai kauri, bayan gida kuma ya koma fari-fari. Bayan an yi hotuna da gwajin jini, ciki har da wanda ake kira CA 19-9, likita ya zana mana abin a takarda. Hanta tana yin ruwan madaciya, ruwan yana bin wasu siraran bututu ya gangara hanji domin ya taimaka wajen narkar da maiƙo. Ƙari ya tsiro a daidai inda bututun dama da na hagu suke haɗuwa a ƙofar hanta, ya toshe hanya, ruwan ya koma cikin jini. Wannan nau'in shi ne mafi yawa a cikin kansar bututun madaciya, kuma likitoci suna kiransa da sunan Klatskin, wani likitan Amurka da ya yi bayaninsa a 1965. Halin wannan ciwo shi ne yana girma shiru, kafin ido ya canja launi sau da yawa ya riga ya wuce inda wuƙar tiyata za ta iya cire shi, kuma haka ya kasance ga Baba. Aka sa masa ɗan bututu a cikin hanyar domin ruwan ya samu wucewa, sannan aka fara masa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, da magunguna biyu, gemcitabine da cisplatin, waɗanda suka zama ginshiƙin maganin wannan ciwo tun bayan wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya aka bayyana sakamakonsa a 2010.

Ya samu sauƙi na wasu watanni har ya koma leƙa kasuwa. Daga nan ne ciwon kai ya fara, mai tsanani da asuba, wani lokaci tare da amai. Carbi ya riƙa suɓucewa daga hannunsa na dama, kalma ta riƙa maƙale masa a baki, ya san abin da yake son faɗa amma ta ƙi fitowa. Hoton MRI ya nuna ƙari biyu a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, kuma da yake ɓangaren hagu shi yake sarrafa hannun dama da magana ga yawancin mutane, alamomin sun yi daidai da hoton. Likitan ya gaya mana cewa ba kasafai wannan kansa take kaiwa ƙwaƙwalwa ba. Ta fi bazuwa zuwa sauran hanta, da kaluluwa, da shimfiɗar ciki, da huhu, da ƙashi. Aka ɗora shi a kan dexamethasone domin rage kumburin da ke kewaye da ƙarin, da levetiracetam domin kare shi daga jijjiga, sannan aka yi masa gashi da na'ura a ka, wato radiotherapy, na kwana 5 a cibiyar kansa da aka buɗe a 2019 a asibitin koyarwa na Idi-Araba. Bayan gashin, aka zaunar da ni da Hajiya aka faɗa mana gaskiya cikin ladabi: warkewa ba ta cikin lissafi, abin da ya rage shi ne a sauƙaƙa masa wahala. Duk wanda ya taɓa ɗauko mara lafiya daga Agege ya ratsa Oshodi da Mushin cikin cunkoson safiya, kansa yana jingine a kafaɗarka yana nishi duk lokacin da mota ta faɗa rami, zai gane dalilin da ya sa muka nemi a kawo mana jinyar gida.

Zuwansu na farko ya burge ni ƙwarai. Likita ya zo tare da babbar nas, wadda daga ranar muka riƙa kira Sista, suka yi kusan awa biyu. Sun karanta duk takardun asibiti, sun zube magungunan da ke cikin leda a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya, sun ware waɗanda lokacinsu ya wuce, sannan Sista ta zana jadawali a babbar takarda ta manna a bango, da sunan kowane magani da sa'arsa da gurbin da mai bayarwa zai sa alama. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne likitan bai tsaya kan mu ba, ya durƙusa a gefen katifa ya tambayi Baba da kansa abin da ya fi so a yi masa. Baba ya daɗe yana haɗa kalmomin, kowa ya yi shiru aka jira shi, sannan ya ce yana so ya riƙa yin salla da tsarki, kuma kada a mayar da shi asibiti. Likitan ya rubuta maganar a saman fayil. A watannin da muka yi muna zirga-zirga, wannan ne karo na farko da na ga an rubuta abin da Baba yake so a takardar jinyarsa. Suna da tsari uku, ziyara ta 'yan awoyi, da zaman awa 12, da zaman yini da kwana. Muka fara da ziyara sau 3 a mako, daga baya muka koma zaman yini, a makonnin ƙarshe muka ƙara da mai kwana.

Idan aka ce in faɗi abu guda da ya biya mu kuɗinmu, zan faɗi abin da ya faru a mako na uku. Baba ya wuni yana barci, da aka tashe shi bai gane jikarsa ba, ya kira ni da sunan ƙaninsa da ya rasu tun muna yara. Hajiya ta shiga ɗaki tana kuka, ni kuma na yanke a raina cewa ƙarin ne ya ƙara girma, lokaci ya yi. Sista ta zo ta ajiye jakarta, ta sa masa ma'aunin zafi, ta soki yatsarsa ta auna suga, ta duba ƙwayar idonsa da 'yar fitila. Sannan ta ce, "Baba, miƙo hannuwanka, ɗaga tafin kamar za ka tsayar da mota." Ya miƙa na hagu sosai, na dama da kyar, sai muka ga tafukan suna faɗuwa suna tashi kamar fiffiken tsuntsu. Ta juyo ta tambayi Hajiya, "Mama, yaushe rabonsa da bayan gida?" Aka lissafa, kwana 4. Ta ce mana wannan ruɗewar ta fi kama da ta hanta. Idan hanta ta raunana, gubar da ake samarwa a hanji ba ta tacewa, sai ta bi jini ta hau kai, kuma taurin ciki yana ƙara ta'azzara abin domin dattin yana daɗewa a ciki. Ta kira likita a gabanmu, ya rubuta lactulose, maganin sassauta bayan gida, aka ce a riƙa ba shi har ya riƙa fita sau 2 ko 3 a rana da laushi. Bayan kwana biyu Baba ya kira jikarsa da sunanta, ya tambayi ko an sauke motar albasa daga Aliero.

A ranar ne ta koya mana abin da nake ganin ya kamata duk mai jinyar irin wannan ciwo ya haddace, wato ruɗewar mai wannan kansa tana iya zuwa ta ƙofa fiye da ɗaya, kuma wasu ƙofofin ana iya rufe su. Akwai ta ƙarin da ke ƙwaƙwalwa, wadda ta fi zuwa da ciwon kai da amai da raunin ɓari ɗaya. Akwai ta hanta, mai barcin rana da rawar tafi. Akwai ta ƙwayoyin cuta idan ɗan bututun da aka sa ya toshe, wadda take zuwa da zazzaɓi da rawar sanyi da dawowar shawara, kuma ita wannan ba a kwana da ita a gida ba tare da likita ya sani ba. Sannan akwai hawan suga, domin dexamethasone yana ɗaga suga ko ga wanda bai taɓa yin ciwon suga ba. Da mu kaɗai ne a gidan, da mun ɗora komai a kan ƙwaƙwalwa mun zauna muna jira, mun yi asarar kusan wata guda da Baba ya ƙara yi cikin hayyacinsa, watan da a cikinsa ya yi wasiyya, ya faɗi waɗanda yake bi da waɗanda suke binsa, ya kuma nemi gafarar Hajiya a gabanmu.

A kan maganin raɗaɗi ma sun yi abin yabo, duk da cewa sai da aka kai ruwa rana a cikin gida. Da likita ya ambaci morphine, Kawu, ƙanin Baba, ya tashi tsaye ya ce ba za a mayar da yayansa ɗan ƙwaya a ƙarshen rayuwarsa ba, kuma ya ji ana cewa maganin yana gaggauta ajali. Likitan bai nuna fushi ba. Ya bayyana masa cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai uku na maganin raɗaɗin kansa tun 1986, ana hawa daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi gwargwadon zafin ciwo, kuma morphine shi ne na matakin sama. Idan an auna shi daidai, an fara da kaɗan, ana ba da shi a kan sa'a ba sai ciwo ya taso ba, aikinsa shi ne ya bar mutum ya yi barci ya yi salla. Ya ƙara da cewa saboda hantar Baba ta yi rauni, za a rage yawan a kuma tsawaita tazarar da ke tsakani, domin maganin yana daɗewa a jikin mai ciwon hanta. Ya hana mu diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis ba tare da takarda ba, ya ce idan ruwan madaciya ba ya isa hanji, jiki ba ya samun isasshen bitamin K, jini ba ya saurin daskarewa, ga kuma dexamethasone da ke iya cin ciki, haɗa su da waɗannan ƙwayoyi neman zubar jini ne. Kawu ya sauko a daren da ya kwana a ɗakin ya ga yayansa ya yi barcin awa biyar a jere, abin da rabonsa da shi ya kai wata biyu.

Amma a nan ne ƙorafina na farko yake. Morphine magani ne da doka ta tsaurara, ba a samunsa a kowane kemis, sai da takardar likita a kantin maganin babban asibiti. Kamfanin ba ya kawo shi, mu ne muke zuwa mu saya, kuma wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne su suke riƙe da lissafin abin da ya rage a kwalba, sun ga yana ƙarewa, amma ba a rubuta sabuwar takarda ba sai yammacin Juma'a. Maganin ya ƙare ranar Asabar da dare, ba mu samu wani ba sai Litinin da azahar. Abin da Baba ya sha a wannan tsakani ba na son tuna shi. Sun ba da haƙuri, kuma daga ranar Sista ta riƙa sa alama a jikin kwalba tana sanar da likita idan ya rage na kwana 5, amma wannan tsari ne da ya kamata a ce yana nan tun kafin a gwada shi a kan mahaifin wani.

Ƙorafi na biyu ya fi girma, shi ne na dare. Sista ta riga ta koya mana abin da za mu yi idan jijjiga ta zo: a kwantar da shi a gefe, a janye duk abin da zai buge shi, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki kamar yadda aka saba, kada a ba shi ruwa, a kalli agogo, idan ta wuce minti 5 ko ta maimaita bai farfaɗo ba a kira agajin gaggawa, wanda a Legas lambarsa 112 ce ko 767. Jijjigar ta zo da misalin ƙarfe biyu na dare a mako na shida. Ta fara daga hannun dama ta game jiki. Hajiya ta zabura ta ɗauko cokali, na riƙe hannunta na ce, "Hajiya, ki tuna abin da Sista ta ce." Ta saki cokalin ta durƙusa tana karanta Ayatul Kursiyyu, ni kuma na juya shi ina kallon agogon waya. Ba ta kai minti biyu ba ta lafa. Wanda kamfani ya turo ya kwana da shi yana zaune a kujera a tsakar gida, barci ya ɗauke shi, hayaniyarmu ce ta tashe shi, kuma da ya shigo ya tsaya yana kallonmu bai san abin da zai yi ba. Na kira lambar da suka rubuta a takardarsu cewa ana amsa ta dare da rana, sau 7, ba a ɗaga ba. Sai bayan an idar da sallar asuba aka kira ni.

Da na je ofishinsu na matsa da tambaya, sai na gano cewa masu kwana ba nas-nas ba ne, mataimaka ne da aka koya wa wanka da juya majinyaci da canja shimfiɗa, alhali a takardar kuɗi kalma ɗaya aka yi amfani da ita ga na rana da na dare. Ban raina aikin mataimaki ba, domin yaron ya iya ɗaga mutum ba tare da ya ji masa ciwo ba, kuma yana da haƙuri. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar iyali suna zaton akwai mai ilimin jinya a ɗakin da dare alhali babu. Shawarata ga duk mai neman irin wannan hidima ita ce ya nemi ganin lasisin Majalisar Nas-nas da Ungozoma ta Najeriya na duk wanda aka ce masa nas ne, ya tambayi wane ne yake riƙe da wayar dare, kuma ya gwada kiran lambar da tsakar dare tun kafin ya buƙace ta. Bayan wannan dare sun canja mana mai kwana, likitan kuma ya ba ni lambarsa ta kansa, ya gyara awon levetiracetam, wanda ya ce an zaɓe shi ne domin ƙoda ce take fitar da mafi yawansa, ba ya ɗora wa hanta nauyi. Jijjigar ba ta sake dawowa da ƙarfi ba.

Akwai abin da ya shafe mu musamman a matsayinmu na Hausawa mazauna Legas, wanda ban ga kamfanin ya shirya masa ba. Baba ya iya Yarbanci kamar ɗan gari, da shi yake ciniki, ga kuma Turancin kasuwa. Da ciwon ya ci gaba, waɗannan harsuna suka zube masa ɗaya bayan ɗaya, ya rage daga shi sai Hausa, Hausar ma ta garinsu ta yarinta. Mun yi sa'a Sista ta yi shekaru tana aiki a Zariya, tana jin Hausa sosai, tana gaishe shi da "Baba, ina gajiya, yaya ƙarfin jiki?" yana amsa mata da murmushi. Amma ranar da take hutu, wadda aka turo ba ta jin ko "zo", Baba ya yi ta cewa "mara, mara" yana nuna ƙasan cibiya, ita kuma ta ɗauka ciwon ciki ne, ashe fitsari ne ya taru ya kasa fita. Daga ranar muka rubuta kalmomi kusan 20 da fassararsu muka manna kusa da jadawalin magani. A gari mai Hausawa da yawa kamar Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba zuwa Mile 12 da Alaba Rago, kamfanin da yake son wannan aiki ya kamata ya nemi ma'aikata masu jin harshen. Haka batun namiji: tun ranar farko muka ce Baba ba zai yarda mace ta yi masa tsarki ba, amma sai da aka yi mako biyu kafin a samo namiji, ni da ƙanina muka riƙa yi a tsakani. Ta fuskar addini kuwa ba mu ga komai ba sai girmamawa. Da aka kawo gado, Sista da kanta ta tambayi ina ne alƙibla kafin a kafa shi, tana tsara sa'ar wanka ta yadda zai riski azahar da tsarki, kuma da alwala ta gagara, ita take miƙo masa dutsen taimama.

Gadon da katifar iska haya muka ɗauka daga wurinsu. Gadon yana ɗagawa da hannu, ya yi mana amfani sosai domin mai ƙari a ƙwaƙwalwa ya fi samun sauƙin ciwon kai idan an ɗan ɗaga kansa. Katifar tana aiki ne da ɗan injin da yake hura ɓangare ya sassauta ɓangare domin kada fata ta mutu a wuri ɗaya, sai dai tana bukatar lantarki ba yankewa, idan an ɗauke wuta takan sace a hankali. Ba su gaya mana haka ba sai da muka gani, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san abin da kwana da janareto yake ci. Duk da haka, saboda nacin da suka yi a kan juya shi duk bayan awa 2, Baba ya yi makonni 9 a kwance bai samu gyambon kwanciya ba sai wani ɗan ja a dunduniya da ya warke cikin kwanaki. Ƙaiƙayi kuma sun rage masa shi da yanke farce, da goge jiki da ruwa mai sanyi, da shafa man kaɗanya. Da farin kumfa ya fito masa a harshe, abin da dexamethasone kan jawo, Sista ta gane shi a ranar aka kawo magani. Da haɗiya ta fara wuya, ta nuna mana cewa ruwa tsinkakke ya fi saurin sarƙe shi a kan kunu mai ɗan kauri, sai a zaunar da shi sosai a ba shi da ƙaramin cokali. Ba ta taɓa hana tofi ko ruwan Zamzam ko rubutu ba, ta ce dai a bayar kaɗan-kaɗan yana zaune. Jiƙe-jiƙen saiwoyi da 'yan dubiya suke kawowa ne ta roƙi Hajiya ta ajiye, domin duk abin da aka sha hanta ce za ta yi aikinsa, ita kuwa ta riga ta gaji.

Batun kuɗi ba shi da sauƙi, kuma ba zan ɓoye ba cewa da abokan sana'ar Baba na Mile 12 ba su yi mana karo-karo ba, da ba mu kai ƙarshe da su ba. Farashin da aka faɗa mana a farko na aikin ma'aikata ne kawai. Safar hannu, da kunzugun manya, da auduga, da tsinken gwajin suga, da kuɗin motar likita duk daban aka riƙa lissafa su, har takardar ƙarshen wata ta farko ta zo da abin da ya haura tsammaninmu nesa. Babu abin da aka rubuta wanda ba a yi amfani da shi ba, na bi lissafin layi-layi na tabbatar, amma ya kamata a faɗa tun farko. Daga wata na biyu muka riƙa sayo kayan da kanmu a kwali, ya fi araha ƙwarai, kuma ba su ƙi ba. Wanda ƙarfinsa bai kai zaman yini ba, ziyarar nas sau 2 ko 3 a mako ita ce ta fi muhimmanci, domin wanka da juyi 'yan gida za su iya koya cikin kwana biyu, amma idon da zai bambance ruɗewar hanta da ta ƙwaƙwalwa sai wanda ya yi karatun.

A makon ƙarshe Sista ta kira ni waje ranar Talata ta ce in sanar da 'yan'uwa na Arewa, wanda zai zo ya taho yanzu. Ta lissafa mini abin da za mu gani domin kada mu firgita: barci zai yawaita, fitsari zai ragu, ƙafafu za su yi sanyi, numfashi zai riƙa tsayawa yana dawowa, za a ji ƙara a maƙogwaro wadda ta fi damun mai sauraro a kan mai yin ta. Ta zauna da Hajiya ta lallashe ta a kan ta daina matsa masa da abinci, ta nuna mata yadda za ta jiƙa auduga ta riƙa shafa masa a leɓe. Yayarmu ta iso daga Kano ranar Alhamis, ya buɗe ido ya dube ta, ya matse yatsunta da hannunsa na hagu. Ya cika a daren Juma'a, Kawu yana laƙƙana masa kalmar shahada, a ɗakinsa, a kan gadon da ke fuskantar alƙibla. Na kira likitan a lambarsa ya ɗaga a kira na farko, ya iso kafin gari ya waye ya tabbatar ya rubuta takarda, aka yi jana'iza da hantsi. Ranar uku Sista ta zo gaisuwa da mayafi a kanta, ta zauna cikin mata ta yi wa Hajiya ta'aziyya da Hausa, sannan ta karɓi ragowar morphine ta auna shi a gabana, muka sa hannu mu biyu domin a mayar da shi asibiti. Gadon da katifar sai bayan kwana goma suka aiko mota ta ɗauka, kuma ba su caje mu kuɗin waɗannan kwanaki ba.